Akwatin darasin mitoz da ake sayarwa a Tawa: gilasansa sun yi kyau, bayaninsa kan tantanin cibiya na buƙatar gyara

Masu kawo kayan labo daga Yamai suna shigowa Tawa da wani akwati da aka haɗa domin darasin mitoz, wato rabuwar ƙwayar halitta gida biyu. Shugabannin makarantu masu zaman kansu da malaman SVT (ilimin halittu da na ƙasa) na lise su ne masu sayensa. A cikin kwalin akwai mikiroskop mai ido ɗaya, da gilasan saiwar albasa da aka riga aka shirya, da lam da lamel sababbi (gilas ɗin ɗora abu da siririn gilas ɗin rufe shi), da kwalbar rini, da siffofin roba guda biyar masu nuna matakan rabuwa, da ɗan littafin bayani da Faransanci. Ma'aunin da muke auna irin wannan kaya da shi tambaya ce guda, wadda ɗalibi mai kaifin hankali ba ya rasa yi: Malam, tantanin da ke kewaye da cibiyar ƙwaya, ina ya tafi da aka fara rabuwa, daga ina kuma ya dawo? A kan kuromozom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin cibiya, akwatin ya yi abin yabo. A kan wannan tambaya kuwa, ƙarfen ba zai iya nuna amsa ba, robar da littafin kuma sun ba da amsar da ilimi ya wuce ta tun da daɗewa.

Mu fara da ƙarfen. Idon sama yana ninka abu sau 10, idanun ƙasa uku ne, na 4 da na 10 da na 40, ke nan ana samun ninki 40 da 100 da 400. A jikin idon 40 an rubuta 40/0.65, a ƙarƙashi kuma 160/0.17. Lambar ƙarshe tana faɗin kaurin lamel ɗin da idon yake so, milimita 0.17. In aka ɗora lamel mai kauri, ko aka kife gilas baibai, hoto ba zai fito tas ba duk yadda aka murza. Lambar 0.65 ita ta shafi zancenmu, don ita ke yanke iyakar ƙanƙantar abin da idon zai rarrabe. Wannan ido yana raba abubuwa biyu ne kawai in tazararsu ta kai kusan mikron 0.4. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin dubu na mikron. Tun 1873 Ernst Abbe a Jamus ya nuna cewa haske yana da iyakarsa: ko da idon 100 ne da man da ake ɗiga masa, ba a sauka ƙasa da nanomita 200 ko kusa da haka. Tantanin cibiya kuwa ninki biyu ne, kowane ninki kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, tsakaninsu da ɗan fili na nanomita 30 zuwa 50. Duka-duka bai kai rabin abin da mikiroskop na haske na yau da kullum mafi kyau yake iya rarrabewa ba. Zoben da ɗalibi ke zanawa ya rubuta "tantani" a gefensa, bakin kuromatin ne, wato kayan da kuromozom suka ƙunsa, da ya sha rini. Ƙarfen ba shi da laifi a nan. Littafin ne ya yi kuskure da ya ce a nemi tantanin a gan shi. Wasu kwalayen suna zuwa da ƙarin idon sama na 25, har a rubuta 1000 da manyan lambobi a jikin kwali. Kada a ƙara ko dala saboda shi: hoton yana ƙara girma ne kawai, ba ya ƙara bayyana komai.

Fitilar LED ce mai batirin caji, kuma wannan shi ne abin da ya fi dacewa da ajinmu, domin darasi ba ya tsayawa in kuran ya ɗauke, ba ta kuma ɗumama gilas har rini ya bushe. Ƙarƙashin faifan ɗora gilas akwai faranti mai ramuka da ake juyawa maimakon cikakken mai tara haske. A ninki 400, ramin tsakiya ya fi fito da kuromozom. Babban rami yana wanke hoto, ƙarami yana fito da kowace ƙura. Raunin ƙarfen yana wuri biyu. Ƙaramin mamurɗin daidaita hoto yana da ɗan sako-sako, sai a riƙa kusantar hoto daga ɓangare ɗaya. Sannan babu mariƙin tura gilas, sai maƙalai biyu. A ninki 400 faɗin abin da ido ke gani bai kai rabin milimita ba, kuma hoto yana tafiya kishiyar hannu, don haka ɗalibi yana taɓa gilas ƙwayar da ya samo ta ɓace masa. Maganinsa a sa ƙwayar a tsakiya tun a ninki 100 kafin a juya ido.

Gilasan da aka shirya su ne darajar akwatin. Saiwa ce aka yanka a tsaye, siririyar yanka, aka rina, aka rufe. Albasa ta dace da wannan aiki fiye da kusan kowace shuka: kuromozom ɗinta 16 ne kawai, kuma manya ne, domin ADN ɗin da ke cikinta, wato sinadarin gadon halitta, ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, alhali mu namu ya kasu 46. Wurin dubawa shi ne bayan hular saiwa kaɗan, cikin milimita ɗaya zuwa biyu na farko, inda ƙwayoyi suke ƙanana masu kusurwa huɗu a jere kamar tubali. In ƙwayoyi sun fara tsawo, an wuce wurin. Ingancin gilasan ba ɗaya ba ne. Wanda aka yanka ta tsakiyar saiwa yana ba da duk matakan a fili guda. Wanda wuƙa ta bi ta gefe ba shi da ƙwayoyi masu rabuwa sai ƙalilan, mai kauri kuma ƙwayoyinsa suna hawa kan juna har a ɗauki cibiyoyi biyu na ƙwayoyi dabam a matsayin telofaz, matakin ƙarshe na rabuwa.

A gilas mai kyau ga abin da ido zai shaida. A furofaz zaren kuromozom yana murɗewa cikin da'ira mai tsabtataccen baki. Daga nan da'irar ta watse, kuromozom su bazu, su jeru a tsakiya a metafaz, su rabu biyu a anafaz kamar yatsun hannaye biyu da ke janyewa daga juna. A farkon telofaz kowane rukuni dunƙule yake, baƙi ƙirin, bakinsa da tsage-tsage. A ƙarshensa rukunin ya kumbura, launinsa ya yi haske, bakinsa ya yi sumul, siririn layin sabon bango ya ratsa tsakani, ɗan ɗigon nan na cikin cibiya da ake kira nukleyol ya sake bayyana. Wannan kumburi da sumul ɗin baki su ne shaidar cewa tantani ya rufe, ƙofofinsa sun fara aiki. Sawun tantanin ake gani, shi kansa ba a ganinsa, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibi haka ƙarara.

Littafin ya ce tantanin "yana ɓacewa" a furofaz, "yana sake bayyana" a telofaz. Siffar roba ta biyu tana nuna shi ya farfashe ƙananan ƙwallaye warwatse, ta biyar kuma tana nuna zobe rufaffe, ninki ɗaya, ba ƙofa ko guda. Ga yadda abin yake.

Cibiya tana da abubuwa uku a bakinta. Akwai tantani ninki biyu, wanda ninkinsa na waje haɗe yake da wata babbar ragar tantani da ta cika ƙwaya, wadda ake kira retikulom. Akwai ƙofofi da suka huda ninkin biyu, dubbai a cibiya guda ta dabba mai shayarwa, kowace ƙofa faɗinta kusan nanomita 120, an gina ta da furotin iri wajen 30 da suka jeru gida takwas a kewaye. Sannan daga ciki akwai shimfiɗar zarurruka mai tallafe tantanin kamar yadda azara ke tallafe rufi, ana kiranta lamina, furotin ɗinta kuma lamin. Abin da ke kwance duka ukun alama ce ƙarama. Wani enzim mai suna CDK1, tare da abokin aikinsa siklin B, yana liƙa fosfat a jikin lamin, da furotin na ƙofofi, da furotin na ninkin ciki waɗanda ke riƙe da kuromatin. Da fosfat ya hau, kowanne sai ya saki abin da yake riƙe da shi. Larry Gerace da Günter Blobel sun nuna a 1980 cewa lamina tana warwarewa ne a mitoz sannan ta sake haɗuwa da kayanta na da, a 1990 kuma aka tabbatar da cewa fosfat ɗin da CDK1 ke liƙawa ne ke warware ta. Ba a ƙona kayan, ba a zubar da su. Kwance su ake yi a jingine, kamar zanar da aka kwance za a sake kafa ta.

To tantanin kansa fa? Tunanin ƙwallaye yana da asali, ba haka kawai aka ƙirƙiro shi ba. Tun shekarun 1980 masu bincike suke murƙushe ƙwan wani kwaɗon Afirka mai suna Xenopus, su sa ADN cikin ruwan, su ga cibiya ta haɗu da kanta. Sai dai murƙushewar ce take datsa ragar retikulom ta koma ƙwallaye, aka ɗauka haka take a ƙwaya mai rai. A 1997 ayarin Jan Ellenberg da Jennifer Lippincott-Schwartz suka liƙa furotin mai ƙyallin kore a jikin wani furotin na ninkin ciki mai suna LBR, suka bi shi a ƙwaya mai rai. Da tantani ya kwance, koren ya malala cikin retikulom duka. A ƙarshen anafaz ya taru ya dawo jikin kuromozom. Tantanin cibiya ashe wani sashe ne na retikulom da ya rungumi kuromatin, yakan saki ya koma cikin raga, sannan raga ta sake miƙo hannu. Littafin da aka buga yau yana koyar da hoton da ya gabaci 1997.

Dawowar tana farawa da rushe siklin B. Da kowane kuromozom ya kama igiyoyin mazari, wato zarurrukan da ke jan kuromozom, daga ɓangarori biyu, wata tawagar furotin mai suna APC/C tana sa a narkar da siklin B, ƙarfin CDK1 ya faɗi, masu cire fosfat, PP1 da PP2A, su sami fili. Duk abin da fosfat ya sa ya saki, yanzu zai iya kamawa. Matsala ta farko ita ce kuromozom da yawa ne, cibiya kuwa ɗaya ake so. In tantani ya kutsa tsakaninsu, kowanne zai sami ɗakinsa. Wani ƙaramin furotin mai suna BAF shi ke hana wannan: yana kama zaren ADN biyu lokaci guda, ya saƙa tauri a bayan rukunin, ya ɗaure shi kamar damin hatsi, ta yadda tantani zai bi ta waje kawai. An nuna wannan aiki nasa a 2017 a birnin Viyena. Da aka cire BAF, cibiya ta fito gutsi-gutsi. Shi BAF ɗin ne kuma ke kama furotin na ninkin ciki irin su emerin da LEM2, LBR kuma yana kama kuromatin da kansa, da haka shimfiɗun retikulom suke mannewa su bazu.

Yaya kayan suke sanin cewa a jikin kuromozom za su taru, ba a wani lungun ƙwaya ba? Kuromatin yana ɗauke da wani furotin, RCC1, mai kunna wani da ake kira Ran. Kusa da kuromozom Ran kunnanne yana da yawa, nesa kuma babu. Kayan ƙofa suna yawo riƙe a hannun masu dako da ake kira importin, kuma ba sa sakin kaya sai inda Ran kunnanne yake. A shekarar 2000 an shafa Ran a jikin ƙananan duwatsun roba, aka jefa cikin ruwan ƙwan kwaɗo, tantani da ƙofofi suka kewaye su ba tare da ADN ko kaɗan ba. Ginin ƙofa yana da tsari: ELYS ne ke fara zama a kan kuromatin, ya jawo rukunin Nup107-160 mai yin zoben ƙofa, sai masu ɗaure zoben da tantani irin su POM121 da NDC1, sai zoben ciki, sai furotin masu gashi-gashi da ke cika tsakiyar ƙofa suna tantance mai shiga da mai fita. Ƙofar tana girma ne cikin ƙananan ramukan da shimfiɗar tantani ta bari, tana faɗaɗa su. A ƙwayar ɗan Adam da ake reno a labo, kimanin minti 10 bayan fara anafaz cibiya ta fara shigo da kaya. Lamin da kansa yawancinsa ta ƙofofin yake shiga, shi ya sa lamina take cika daga baya, har cikin farkon hutun ƙwaya. Shigowar furotin da warwarewar kuromatin su ne kumburin da ake gani a gilas.

Saura ɗinki na ƙarshe, kuma shi ya fi burge mu. Igiyoyin mazari suna nan maƙale da kuromozom lokacin da tantani ke rufewa, don haka akwai ramuka inda igiya ta ratsa. A 2015 ayari biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Norwe, suka nuna cewa wasu furotin da ake kira ESCRT-III suna taruwa a bakin ramin, su naɗe kamar zariya, su tsuke shi. LEM2 da CHMP7 ne ke kiransu wurin, wani enzim mai suna spastin ya datse igiyar, VPS4 kuma ya kwance zariyar bayan an gama. Sai a lokacin ne ciki ya rabu da waje da gaske.

Malami ya kula da abu ɗaya kafin ya ɗora duk wannan a kan albasa. Yawancin sunayen nan daga ƙwayoyin ɗan Adam da kwaɗo da tsutsa aka samo su. Tsirrai su ma suna kwance tantani su sake gina shi daga retikulom, suna da ƙofofi da Ran, amma ba su da lamin. Wasu furotin ne dabam, dangin NMCP da aka fara ganowa a karas, suke tsaya musu a wurin. Siffofin robar ma na ƙwayar dabba ne, mai tsukewa a tsakiya, gilasan kuwa na shuka ne mai gina bango, littafin bai ce uffan kan wannan saɓani ba. Akwai kuma halittun da ba sa kwance tantanin sam, irin su yis ɗin burodi da ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ke raba kuromozom a cikin rufaffiyar cibiya. Gyaran siffofin ba shi da wuya: a ɓamɓare ƙwallayen siffa ta biyu, a shimfiɗa guntun gidan sauro a madadin retikulom, a siffa ta biyar a naɗo gefen ragar nan ta rungumi kuromozom ninki biyu, a ɗiga ƙofofi da alƙalami.

Kwalbar rinin aseto-orsin ce, rinin da ya dace. Amma akwatin bai zo da ruwan kashe saiwa ba, bai zo da asid ɗin tausasawa ba, kuma ba tare da su ba rinin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Sai an nema dabam. Albasa kam ba a neman ta a ƙasar Galmi. A zaɓi wadda ta kwana biyu a rudu, domin sabuwar cira tana cikin barci, tana iya yin mako ba ta fid da saiwa ba. A kankare busasshiyar saiwa ba tare da an ji wa gindin ciwo ba, a ɗora ta a bakin kofi, gindin kawai ya taɓa ruwa. A canja ruwa kullum. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ruwan yana lalacewa cikin yini, saiwa ta yi laushi ta yi ruwan ƙasa. A ajiye kofin a inuwa kusa da randa. Cikin kwana uku zuwa huɗu saiwa za ta kai santimita ɗaya zuwa biyu, fara, mai ƙarfi. Lokacin yanka ke nan.

A yanke santimita ɗaya daga baki, a jefa nan take cikin haɗin alkol kashi uku da tsantsar asid asetik kashi ɗaya, a bari awa 12 zuwa 24. Wannan yana tsayar da kowace ƙwaya a matakin da take. Binegar na kasuwa ba zai maye gurbin asid ɗin ba, ruwa ya yi masa yawa. In ba yau za a yi aiki ba, a mayar da saiwoyin cikin alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, suna yin watanni a wuri mai sanyi, ke nan malami zai iya tanadin na shekara a lokacin ɗari. Ranar darasi a sa saiwa cikin asid kuloridirik mai ƙarfin 1N, a digiri 60, minti biyar. Ana haɗa 1N ne da mililita 8.3 na asid mai kashi 37 cikin ɗari, a cika da ruwa zuwa mililita 100, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Malami ne zai haɗa, da tabarau, ba ɗalibi ba. Ruwan batirin mota wani asid ne dabam, kada a kusance shi. In babu ma'aunin zafi, a bar saiwa minti 10 zuwa 15 a zafin ɗaki, a gwada da allura. Aikin asid shi ne narkar da ƙaron da ke manne ƙwayoyi da juna. In bai isa ba saiwa ba ta bajewa, lamel ya fashe. In ya yi yawa ta koma kunu, kuromozom su ƙi shan rini.

A ɗauraye da ruwa sau biyu. A ɗora a lam, a yanke farin bakin nan milimita ɗaya zuwa biyu, a zubar da saura. Kuskuren da ya fi yawa a aji shi ne zubar da bakin a riƙe jelar. Bakin shi ne mai tsini, mai farin madara. A ɗiga rini ɗigo ɗaya, a jira minti 10 zuwa 15, a ƙara ɗigo in iska ta fara busar da shi, abin da ke faruwa da sauri a hunturu. A kwantar da lamel daga gefe don kada iska ta shiga, a ƙwanƙwasa a hankali da gindin fensir, a rufa takarda mai shan ruwa, a danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. In lamel ya goce gefe ko kaɗan, ƙwayoyi suna naɗewa kamar tabarma, kuromozom su tsinke. A shafe gefen da jan farce marar launi, gilas zai kai kwana biyu ko uku. Rinin akwatin yana yin gari-gari in ya daɗe cikin zafi, baƙaƙen ɗige su cika fili. A tace shi da takardar tacewa kafin kowane zango. In ya ƙare, ana narkar da giram ɗaya na orsin cikin mililita 45 na tsantsar asid asetik mai ɗumi, a bar shi ya huce, a ƙara mililita 55 na tataccen ruwa, a tace.

Gilashin da aka danna da hannu ya fi na kamfani a wuri ɗaya: ƙwayoyi cikakku ne, ba yankakku ba, don haka ana iya ganin inda ginin tantani ya tafi ba daidai ba. Wani lokaci kuromozom guda ko guntunsa yana makara a anafaz, ya tsaya a tsakiya, dami ya ɗauru ba da shi ba. Tantani yana kewaye shi shi kaɗai, ya zama ƴar ƙaramar cibiya a gefen babbar. A ƙwayoyin dabba an ga tantaninta ba ya cika: ƙofofi kaɗan, lamina mai rauni, yana yawan fashewa, ADN ɗin ciki ya ragargaje, kuma an nuna a 2015 cewa irin wannan ragargajewa na iya haifar da hargitsin kuromozom da ake samu a wasu cututtukan daji. Saiwar albasa kuwa ta zama ma'aunin guba tun lokacin da Albert Levan a Suwidin ya gwada kolshisin, wani sinadari mai hana kuromozom rabuwa, a kanta a 1938. Ana reno saiwa a ruwan da ake zargi, a ƙirga ƙananan cibiyoyi cikin ƙwaya 1000, a kwatanta da ruwa mai tsabta. Ƴar cibiya ta gaskiya zagayayya ce, launinta irin na babbar, tana fitowa tas a daidai inda babbar ke fitowa. Garin rini kuwa baƙi ne mai kusurwa, yana kuma kwance a wajen ƙwayoyi ma. Ma'aikatan labon asibiti sun san ƴar'uwarta a jini: ɗigon Howell-Jolly, ragowar cibiya a jar ƙwayar jini, wanda saifa ke tsincewa, shi ya sa ake yawan ganinsa a jinin masu sikila da saifarsu ta gaza. Ga ɗaliban seri D masu niyyar likitanci, a ƙara musu cewa lahani a emerin yana kawo wata cutar shanyewar tsoka, wani lahani a lamin A kuma, wanda aka gano a 2003, yana kawo cutar tsufa tun ana yaro.

Shawararmu ga makaranta ita ce ta saya, in za ta nemi asid biyun tare, kuma malami ya ajiye shafin telofaz na littafin ya koyar da bakinsa. Kafin a biya, a buɗe kwali a gaban mai kaya. A kunna fitila ba tare da waya ba, a ga ko batiri na riƙe caji. A ɗora gilas, a daidaita a idon 10, a juya zuwa 40: hoto ya kamata ya kusa fitowa da ɗan murɗi kaɗan, in sai an yi ta nema to idanun ba su dace da juna ba. A juya idon sama. Dattin da ya juya tare da shi a sama yake, ana gogewa, wanda ke cikin idon ƙasa kuwa a nemi canji. A duba kowane gilas a ninki 100, a mayar da wanda ba a sami anafaz da telofaz a cikinsa ba. Bayan saye, gilasan a kwance za a ajiye su, nesa da taga da rufin kwano, domin ƙaron da ya riƙe lamel yana laushi a zafi ya zame. Ƙurar hunturu tana karce ido in aka goge shi a bushe, sai a fara hure ta da ƴar robar hura iska, sannan a shafa takardar goge ido. Da damina a sa ƙunshin silika cikin akwatin saboda fumfuna, a riƙa gasa ƙunshin a kan murhu marar zafi sosai duk lokacin da launinsa ya sauya.